Shekarar da Dutsen Niƙa Ya Shiga Kwaleji

Aikina na farko a kwalejin Tanut na yi shi, ƴan shekaru bayan babban farin nan da ya cinye shanun Damargu. Na fito daga makarantar horon malamai da takardata a hannu da wando mai faɗin ƙafa, aka ce in je in koyar da ilimin halittu. A ajin katiriyam, wato shekara ta uku a kwaleji, abin da aka tsara wa yara shi ne ilimin ƙasa: ire-iren duwatsu, da yadda ruwa da iska suke cin su, da aman wuta, da girgizar ƙasa, da ambaliya.

Ni ɗan Damagaram ne. A garinmu dutse ba abin nema ba ne. Gidaje a jikinsa suke jingine, awaki a kansa suke kwana, mu ma da muna yara a kansa muka ƙarar da gindin wandunanmu wajen sulu. Saboda haka ban ga wata wahala ba da na tsaya gaban aji na ce kowa ya zo mini da dutse ranar Litinin, za mu haɗa namu tarin duwatsun a cikin aji. Na ƙara da cewa wanda nasa ya fi ban sha'awa zai samu ƙarin maki. Ban lura ba cewa tun da na sauko daga motar da ta kawo ni, ƙafata ba ta taka komai a cikin garin ba sai rairayi. Akwai tuddai can bayan gari, amma wane yaro zai yi wannan tafiya a rana alhali ga duwatsu a gida?

Ranar Litinin na ga abin da ya faranta mini rai. Duwatsu suka yi ta shigowa, wasu a ka, wasu a cikin riga. Da yawansu baƙaƙe ne wuluk ta gefe guda, na ce a raina wataƙila wani irin ƙarfe ne a jikinsu. Akwai wani mai santsi kamar an shafa masa mai. Akwai wani mai kaushi da ƙananan ramuka. Wata yarinya ta kawo kwalli, wani ya kawo gutsuren gishirin Bilma da alamar harshen akuya a jikinsa. Ina cikin jera su a kan benci sai na ji kukan jaki a ƙofar aji.

Wata ɗaliba ce, siririya, mai yawan tambaya, wadda take zama a layin gaba. Ta sa samari biyu na ajin sun taya ta sauke wani abu daga kan jakin, suka shigo da shi suna nishi. Da suka ajiye na ga faffaɗan dutse ne mai ruwan toka, da ɗigo-ɗigon fari da baƙi da wani mai ƙyalli, tsakiyarsa ta lotsa. Na durƙusa a gabansa kamar na ga ɗan garinmu a baƙon wuri. Irin dutsen Damagaram ne, wanda littafi yake kira garanit, kuma shi ne darasinmu na farko. A duk abin da aka kawo babu irinsa.

Na san dutsen niƙa ne, ba zan ce ban sani ba. Na tambaye ta, ta ce tsoho ne, yana bayan ɗaki. Na ba ta makinta a gaban kowa. Da yamma na samo farin fenti na rubuta wa kowane dutse lamba, shi kuwa na ba shi lamba ɗaya, babba, a gefensa.

Washegari ina tsakiyar darasi direktan makaranta ya leƙo. Dattijo ne mai son zaman lafiya, ya daɗe yana koyarwa a ƙauyukan Tarka kafin a ba shi kwalejin, kuma ba ya ɗaga murya ko da gobara ake. Ya ce, "Mushe, kana da baƙi." Mushe ake kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, a lokacin, yara da manya.

Na fito na tarar da mata cike da inuwar itacen bedin da ke tsakar makaranta, wasu da goyo, wata da muciya a hannu. A gefe ga ladanin masallacin unguwa yana jan carbi.

Mai muciyar ce ta fara. "Kai ne malamin da ya ce a kwashe mana murhu?"

"Ni duwatsu na ce a kawo."

"To murhu da me ake yin sa? Jiya a kan duwatsu biyu da tsohon kwano na ɗora tukunya. Miyar gidan gaba ɗaya a cikin toka ta ƙare."

Wata ta ce ita nata na goge kaushi ne, ta neme shi har cikin randa. Ladan ya yi gyaran murya ya ce ba rigima ta kawo shi ba, sai dai tun shekaranjiya tsofaffin da ba sa iya taɓa ruwan sanyi suke neman dutsen taimama. Direkta yana tsaye a bayana, hannu a baya, yana duban sama kamar mai neman wata.

Na ba su haƙuri, na buɗe musu aji. Suka shiga, kowacce ta nufi nata kai tsaye ba tare da ta duba na wata ba, yaransu suna sunkuyar da kai a ƙarƙashin tebur. Mai muciya ta juya nata ta ga lamba, ta tambaya ko yanzu gwamnati ta san da shi ke nan, za a sa masa haraji. Kafin a kaɗa ƙarfen hutu tarin duwatsuna ya koma gishiri da kwalli da lamba ɗaya.

A lokacin ne na lura da wata tsohuwa da ba ta shiga hayaniyar ba. Gajeriya ce, da baƙin zane da sanda, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon ɗalibar nan ta layin gaba, ita kuma yarinyar tana kallon allo kamar ranar ta fara ganinsa. Kakarta ce.

Na gaishe ta. Ta amsa a tsanake, ta tambayi gajiya da baƙunta da mutanen gida, sannan ta nuna dutsen da sandarta.

"Ɗan nan, wa ya yi masa zane?"

"Ni ne, Iya. Lamba ce. Zan goge."

"Da wannan dutsen aka kawo ni gidan miji. A kan raƙumi ya zo daga Damagaram. Uwar wannan mai idon a kansa na niƙa mata kunun yaye. Ban taɓa ganin ranar da zai shiga lakwal ba, ni ban shiga ba."

Na ce an gaya mini yana bayan ɗaki. Ta ce gaskiya ne, a bayan ɗaki take niƙa, can ne inuwa.

Na ce bari a mayar mata da shi yanzu. Nan aka samu matsala: mai jakin ya tafi cin kasuwar Balbeji da jakinsa, sai ya dawo. Na ce samari su ɗauka. Ta ce ba ta yarda ba, idan suka yar da shi ya tsage wa zai biya ta shekarunta? Direkta ya matso ya ce a iya saninsa babu dokar da ta hana dutse kwana a makaranta. Ta dube shi ta ce to niƙa fa? Ya ce wannan ma bai taɓa karanta inda aka hana ba, in dai lokacin hutu ne. Ina jin ya faɗa ne don a rabu lafiya. Bai san da wadda yake magana ba.

Kashegari ana kaɗa ƙarfen hutun safe sai ga ta da ƙwarya a ka da ɗan dutsen niƙan a hannu. Ta shimfiɗa buhu a bayan aji, ta durƙusa, ta kama aikinta. Ranar soyayyar gyaɗa ce. Da yara suka dawo ajin gaba ɗaya ƙamshi yake, babu wanda ya iya tuna abin da muka tsaya a kai. Ta gama, ta share dutsen, amma ba ta tashi ba. Ta ce rana ta yi zafi, za ta ɗan huta. Ta jingina da bango ta miƙe ƙafafu.

Da Faransanci muke karatu, kuma an hana yara yin Hausa a cikin aji. Na sa aka kewaye dutsen, ina nuna musu ƙwayoyinsa iri uku, ina faɗin sunayensu. Ba a jima ba na ji sanda ta taɓa ƙafata.

"Me kake ce masa?"

Jikarta ta sunkuya za ta raɗa mata. Ta ture ta. "Ba ke na tambaya ba. Dutsena ne, a gabana ake maganarsa, a yi yadda zan ji."

Yara suka zuba mini ido. Ba su taɓa jin Hausa a bakina ba, wasu ma sun ɗauka daga bakin teku aka kawo ni. Na leƙa waje, babu direkta. Na ce, "Iya, cewa nake wannan dutsen da can narkakke ne. A can cikin ƙasa akwai wuta mai zafin da dutse yake zama kamar kunu. Shi wannan a hankali ya huce, shi ya sa ƙwayoyinsa suka fito manya."

Yara suka fashe da dariya, ba don maganar ba, don jin Hausar Damagaram tana fitowa daga cikin wandon nan mai faɗin ƙafa. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta janye ƙafarta daga jikin dutsen.

"Wace wutar?"

"Wutar cikin ƙasa."

"Ɗan nan, wuta guda na sani da aka ce tana ƙasa. Kana nufin tun ina yarinya a kan abin can nake niƙa wa mutane abinci?"

Na yi ta rantsuwa cewa ba waccan ba ce, wannan ta duniya ce, kamar ta maƙera, sai dai ta fi girma. Ta ce maƙerin wa? Na ce babu maƙeri. Ta ce wutar da babu mai hura ta kuma ba ta mutuwa, ita dai ba ta ga bambanci ba. Ta yi wa dutsen addu'a ta tofa, sannan ta ce in ci gaba.

Daga ranar darasina ya zama kashi biyu. In faɗa da Faransanci don jarrabawa, in sake faɗa da Hausa don Iya. Da dare ba littafi kaɗai nake dubawa ba, har da neman yadda zan faɗi abu ta gane, don idan ba ta gane ba sandar nan ba ta da kunya. Abin da na lura da shi, yaran da suke zaune shiru tun farkon shekara sun fara ɗaga hannu. Direkta ya san abin da ake ciki. Idan zai wuce ta ƙofarmu sai ya kama tari tun daga nesa, in koma Faransanci, ya wuce, in dawo.

Ranar da muka zo kan zaizaya, wato yadda ruwa da iska suke cin dutse kaɗan-kaɗan har tudu ya zama fili, yara suka ƙi yarda. Wani ya ce shi tun da aka haife shi tuddan bayan gari ba su ragu ba. Na rasa misali. Sai idona ya faɗa kan lamba ɗaya. Na ce, "Iya, da aka kawo dutsen nan haka tsakiyarsa take?"

Ta ce ina, a shafe yake kamar tafin hannu.

"To wa ya yi masa wannan ramin?"

Ta dubi dutsen, ta dubi hannuwanta, ta gyara zama. "Ni ce."

Na sa kowane yaro ya zo ya sa hannu a cikin lotsawar ya ji zurfinta. Na ce babu ranar da ta ga dutsen ya ragu, amma ga shi. Haka ruwa yake yi, haka iska take yi, sai dai su sun fi Iya daɗewa a bakin aiki.

Jikarta ta ɗaga hannu. "Mushe, to wanda ya ragu ɗin ina ya tafi?"

Kafin in buɗe baki wani daga baya ya ce, "Cikin tuwonku!"

Ajin ya kife. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce shi ya sa duk zuriyarta suke da taurin kai, ashe dutse ta ciyar da su. Ta ce marigayi mijinta shi ya fi kowa cin rabonsa.

Aman wuta bai dame ta ba, tunda na tabbatar mata babu irin wannan dutsen kusa. Girgizar ƙasa ce ta tsaya mata a rai. Na ba su labarin ƙasashen da ƙasa take motsawa a ƙarƙashin mutane, gini ya rushe, rijiya ta toshe, hanya ta tsage biyu. Na koya musu abin da littafi ya ce a yi: a fita fili, in ba hali a shiga ƙarƙashin tebur. Muka gwada. Na buga tebur na ce ƙasa ta motsa, yara suka rufta ƙarƙashin tebura suna ihu fiye da yadda ake bukata. Ita tana zaune inda take.

"Iya, ƙasa tana girgiza."

"Ta girgiza. Idan na shiga nan wa zai fito da ni?"

Da aka natsu ta ce tana da tambaya. Su mutanen can da ƙasarsu ba ta zama wuri guda, me ya hana su tashi su nemi wadda take da hankali?

Na ce, "Ku da fari ya zo, kun tashi?"

Ta ce sun tashi. Sun bi hanyar kudu da abin da ya rage na awaki, sun kai har inda ba su san kowa ba, ta bar ƙanwarta a wani gari da ba ta iya faɗin sunansa daidai. Da aka yi ruwa suka dawo.

"Me ya dawo da ku?"

"Gida mana."

"To su ma haka."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Kusan kowane yaro a ajin ya yi wannan tafiyar yana ƙarami, wasu a bayan uwa. Na rufe littafin, muka ƙarasa lokacin suna ba ni labarin inda kowa ya je da abin da suka ci a hanya. Ita ce ta katse mu, ta ce mu bar maganar haka nan, gyaɗarta za ta sha iska.

Mai jaki ya daɗe da dawowa daga Balbeji. Kullum muna ganin jakin yana wucewa ta bakin makaranta da tulunan ruwa. Ba ta tada maganar ba, ni ma ban tada ba.

Da sanyi ya fara sauka na nemi izinin direkta in kai yara tuddan bayan gari, mu samo duwatsun da ba na murhun kowa ba. Muka fita da sassafe ranar da babu aji, kowa da gorar ruwa. Mun kai ƙarshen gidaje sai ga ta a kan jakin nan, ta yi ɗaurin ɗankwali na zuwa biki, da ƙullin dabino a cinya. Ta ce ba za ta bar jikarta ta shiga daji da mutumin da bai san murhu ba.

Tuddan ba su da tsawo, amma gefensu a yanke yake, ana ganin ƙasa hawa-hawa, ja da fari da rawaya, kamar an jera tabarmi. Na raba yara, na ce su duba farin layin da kyau. Na karanta cewa akwai abin da nake fata a wurin, amma ban taɓa gani da idona ba, kuma ina tsoron kada in sha kunya. Ba a daɗe ba wata ta ƙwala kira. A tafin hannunta ga katantanwa, cikakkiya da zanenta, sai dai ta zama dutse. Sai wani ya samo wata naɗaɗɗiya kamar ƙahon rago. Daga nan kowa ya duƙa. Duk inda aka tona da tsinke sai an samu. Ni kaina na manta ni malami ne, na yi ta rarrafe har gwiwar wandona ta yage.

Na tara su a inuwa. Na ɗauko ƴar kwalbar asid da na zo da ita, na ɗiga a kan farin dutsen, ya yi kumfa yana tsuwa. Tsohuwa ta ja da baya ta nemi tsari, ta ce kada in kuskura in kusanci nata da wannan abin. Na ce waɗannan halittun ruwa ne, kuma ba na tabki ba, na ruwan gishiri. Inda muke zaune ɗin nan da can ƙarƙashin teku ne. Tanut, da Balbeji, da kwarin Tarka, duk ruwa ne iyakar ganin ido.

Na faɗa da Faransanci, na faɗa da Hausa. Ta ce in sake faɗa.

"A nan?"

"A nan, Iya."

"Damargun nan da rijiyarta sai raƙumi ya ja igiya har ya ƙanƙance a ido kafin guga ya fito?"

"Ita."

"To ina ruwan?"

Na ce ƙasa ce ta ɗago a hankali, ruwan ya janye, tun kafin a yi mutane.

"In babu mutane wa ya gani?"

"Ga shaida a hannunki."

Ta juya katantanwar, ta kai ta kusa da ido, ta shinshina, ta ɗan lasa. Ta ce babu gishiri. Ta ce ta yarda da wutar, don ta ga yadda maƙera suke narka ƙarfe. Ta yarda da girgizar, don Allah mai iko ne a kan ƙasarsa. Amma teku a Damargu, wannan ƙaryar ƴan Damagaram ce, dama an san mu da ita. Duk da haka na ga tana zaɓen masu kyau tana ƙullewa a bakin zane. Da ta ga ina kallo ta ce na wasan yara ne.

A hanyar dawowa rana ta take, muka sauka cikin wani busasshen kori, wato rafin da ruwan damina yake bi, mai inuwar itatuwa, yara suka baje a kan rairayi. Makon da ya wuce na koya musu cewa kori ba wurin kwanciya ba ne, ana iya yin ruwa can nesa inda ba ka ga ko hadari ba, ya taho maka kamar bango. Na ce bari in gwada su. Na hau gaɓa a hankali, na cika ƙirji na ce, "Ruwa! Ga ruwa nan!"

Sun ci jarrabawar. Kafin in rufe baki babu yaro ko ɗaya a cikin korin, takalma da goruna ne kawai a warwatse. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne jakin. Tsohuwa ba ta sauka daga kansa ba, shi kuma da ya ga kowa ya zabura sai ya zabura, ya bi tsawon korin da ita, tana riƙe da wuyansa, dabino yana zuba, tana kiran sunayen waliyyai. Samari suka bi su da gudu. Da aka dawo da ita ɗankwalin ya koma kan kunne guda. Ta sauka, ta karɓi sandarta daga hannun jikarta, ta tako har gabana. Na tsaya, don na ga na cancanta.

Ta ce, "Yau sau biyu ke nan kana kawo ruwa inda babu shi." Ta sa ni na tsince dabinon nan ɗaya bayan ɗaya, yara suna nuna mini inda suka faɗa.

Da bazara ta yi nisa aka shiga shirin jarrabawa, darussan ƙasa suka ƙare, muka koma bita. Ta zauna kwana biyu ta ga maimaici ne, ta ce ita ta riga ta san wannan. Aka kawo jaki aka ɗora dutsen, ita da kanta ta duba ɗaurin. Na zo da kananzir zan goge lambar, ta hana. Ta ce a bar masa, ya yi karatunsa.

Bayan an yi shuka aka haihu a gidan tsohuwar, jikarta ta gayyace ni suna. Na je da safe aka yi addu'a, aka raba goro, na ce bari in leƙa ciki in gaida tsohuwa kafin in tafi. Daga zaure na jiyo muryarta. Na tsaya a bakin danga.

Tana zaune a kan turmi, mata sun kewaye ta, har da mai muciyar nan. Katantanwar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Tana ce musu duk nan da suke gani teku ne, daga nan har Agadas. Inda masallacin Juma'a yake, nan ne mafi zurfi. Kifayen kowanne ya kai raƙumi, wasu da ƙaho. Sannan wutar da ke ƙarƙashin ƙasa, wadda ba waccan ba ce, kada su tsorata, ta taso ta tura ƙasa sama, ruwan ya gangara kudu, shi ne mutanen can suke ta taƙama da shi har yau, alhali namu ne.

Wata ta ce, "Kai, Iya! Wa ya gani?"

Ta fizge katantanwar ta ɗaga. "Ga shaida a hannunki, kina tambaya?"

Mai muciya ce ta hango ni, ta ce ga malamin nan. Duk suka juyo. Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka, ina ƙoƙarin haɗiye dariya. Na ce a hankali, "Iya, ashe dai an yarda."

Ta tura katantanwar ƙarƙashin cinya. "Wa ya ce na yarda? Labari nake ba su." Ta juya wajen jikarta. "Ke, kawo wa malaminku fura, kin bar shi a rana."